Yadda za ka kafa sabon turke idan rayuwa ta tumɓuke tsohon

Hausawa suna cewa sabo turken wawa, ni ma da ita na taso a bakina, musamman in naga mutum ya nace shi sai wajen mai shayi kaza zai sha, ko shi sai a sahun gaba ta gefen dama zai yi sallah. Amma tun daminar 2022 na daina faɗin karin maganar nan da ƙarfi, saboda abinda na gani da idona a jikin mahaifina. Ashe kowa da turkensa, mai wayo da wawa duka, bambancin kawai wani ya san inda nasa yake, wani kuma bai sani ba sai ranar da aka tumɓuke masa shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ringim da Taura, ba nisa da kogin Haɗeja. Baba manomi ne, ya haura saba'in, kuma in kana so ka saita agogonka to shi za ka kalla. Kafin assalatu ya tashi, ya ɗau butarsa sai masallaci, yana can yana lazimi har gari ya fara haske, ya dawo ya zauna kan dakalin ƙofar gida ya kunna rediyo ya kamo shirin safe na BBC, Inna ta aiko yaro da koko a kofin silbansa da ba mai shan ruwa da shi in ba shi ba, duk wanda zai wuce gona ko rafi sai ya tsaya sun gaisa, ina kwana Malam, ya ruwa, ya iyali, ya ƙafar taka, sannan ya leƙa awaki ya saɓa fartanya. Tun ina yaro haka na san shi.

A watan Satumba na shekarar ruwa ya shigo mana cikin dare. Duk wanda yake Jigawa a lokacin ya san abinda ya faru, daga Ringim har Auyo, Kafin Hausa, Miga, Haɗeja, Guri, Kiri Kasamma, ba wanda zan ba labari. Katangun ƙasa suka dinga jiƙewa suna kwanciya, rumbunmu ya tafi, geron da ake shirin girbewa ya kwanta a ruwa, shinkafar fadama kuwa ko kanta ba a gani. Alhamdulillahi ba mu rasa rai ba a gidanmu. Muka koma makarantar firamare da take kan tudu, mata da yara aji ɗaya maza aji ɗaya.

To a nan ne na ga abinda ya tsorata ni fiye da ruwan. Baba bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba, in aka zo jaje sai ya ce Allah ne ya kawo kuma mun gode masa. Amma cikin kwana huɗu ya zama wani mutum daban. Da rana yana gyangyaɗi a jingine da bango, da dare idonsa biyu, abinci in an kawo ya taɓa ya ture, kuma tambaya ɗaya yake ta yi min: "Ƙarfe nawa yanzu?" Sai na faɗa masa, bayan ɗan jimawa ya sake tambaya. Mutumin da bai taɓa ɗaura agogo ba a rayuwarsa. Da farko na ɗauka baƙin cikin asara ne kawai, daga baya na gane ba gida da hatsi kaɗai ruwa ya ɗauke masa ba, ya ɗauke masa yininsa ne gaba ɗaya, safiya da hantsi da la'asar duk sun zama abu ɗaya, ba abinda yake bin wani.

Inna kuwa, washegarin zuwanmu tun da duku-duku ta nemo duwatsu uku ta kafa murhu a bayan aji, ta ari tsintsiya ta share barandar makarantar tas kamar tsakar gidanta, ta dama ɗan gasarar da aka samu. Ita ma ta yi asara, gadonta da kwanukan da ta tara tun na aure duk sun tafi, amma hannunta ya samu abinda ya saba yi a lokacin da ya saba yi. Daga wajenta na koyi yawancin abinda zan faɗa a nan, sauran kuma daga kurakuran da na yi da Baba.

Abu na farko in canji ya faɗo maka, ko ambaliya ce, ko rasuwa, ko an sallame ka daga aiki, ko ritaya, ko aure ya kai ki wani gari da ba ki san kowa ba, kar ka ce sai ka dawo da tsohon tsarin nan dukkansa. Ba zai dawo ba, kuma ƙoƙarin dawo da shi shi yake karya zuciya. Zauna ka ware: mene ne ya tafi, mene ne kuma yake nan ba abinda ya taɓa shi. Mu musulmi Allah ya yi mana gata a nan wanda ba ma lura da shi, salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida biyar, ko a sansanin gudun hijira kake ko a gadon asibiti asuba tana nan azahar tana nan. Wannan shi ne turken da ruwa ba ya ci. Sai ka ɗora abu biyu ko uku kawai a kansa, kar su wuce haka. Ni abinda na ga ya fi aiki shi ne lokacin tashi, lokacin cin abinci, da mutum ɗaya da za ka gaisa da shi kullum.

Lokacin tashin nan kar ka raina shi. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa na ciki, kuma hasken safiya ne yake saita shi, shi yasa in mutum ya kwana bai yi barci ba ya rama da rana a cikin ɗaki mai duhu, daren gobe ma ba zai samu ba, haka abin zai yi ta juyawa har ya rasa gane kansa. Abinda na yi wa Baba shi ne, bayan sallar asuba ba na barinsa ya koma aji ya kwanta, sai in ce Baba zo mu je mu duba ko ruwan ya ja, mu taka har bakin inda ruwa ya tsaya, akwai wani kara da na soka a ƙasa muna gane ja ko ƙaruwa da shi, mu tsaya rana ta fito a kanmu sannan mu dawo. Ƙailula kuma ban hana shi ba amma gajeriya, bayan azahar, kafin la'asar na tashe shi. Wajen kwana biyar ana haka barcin dare ya fara dawowa. Abincin ma haka, ko ba ka jin yunwa, in lokacin da ka saba karyawa ya yi sa wani abu a bakinka ko kofi ɗaya na koko ne, ciki ma yana da sabo kuma in ya ga ana tuna shi a kan lokaci zai fara nema da kansa.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a fahimta, don a nan na yi kuskure. Na ɗauka rediyo Baba ya rasa, tasa ta jiƙe ta mutu, sai na ari waya mai rediyo na kunna masa a cikin aji da safe. Ya saurara na minti kaɗan ya ce kashe. Na ɗauka kokon ne, aka dama masa irin yadda yake so da tsamiya, ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Sai Inna ta kira ni gefe ta ce, kai ba ka san Malam ba ne, ba rediyon yake ji ba, mutane yake jira. Wallahi sai a lokacin kaina ya waye. Dakalin nan ba wajen zama ba ne kawai, nan ne duniya take zuwa ta same shi, a gaishe shi a tambaye shi shawarar iri ko maganar gado ko ranar suna, a nan yake jin cewa har yanzu ana buƙatarsa. A cikin aji kuwa ya zama tsoho ɗaya cikin tsofaffi da ake miƙo wa abinci.

Washegari na ɗau tabarma na shimfiɗa a gindin wata darbejiya da take bakin ƙofar makarantar, inda kowa yake bi in zai je duba gidansa ko ya hau kwalekwale, na kai shi can da wayar da kokon. Ban ce masa komai ba. Mutum na farko da ya wuce ya rage tsawo ya ce Malam barka da asuba, an tashi lafiya, ya ƙarin haƙuri, na ga Baba ya gyara zama ya gyara hularsa. Kafin hantsi mutum shida ne a kan tabarmar ana lissafin wanda katangarsa ta tsaya da wanda tasa ta faɗi, kokon kuwa ban ma san lokacin da ya shanye ba.

Don haka duk wani sabo da ka rasa kake jin zafinsa, tambayi kanka me yake ba ni? Kar ka tsaya a kan siffarsa. Wanda ya yi ritaya daga koyarwa yana kewar makaranta, ba allo da alli yake kewa ba, yana kewar ya yi wanka ya sa kaya ya fita ana jiransa a wani waje, to ya nemi Islamiyya ko ajin yaƙi da jahilci ko ya tara yaran unguwa bayan la'asar. Amaryar da aka kawo daga wani gari tana kuka da yamma, sau da yawa ba gidan ba ne bai yi mata ba, lokacin ne da ta saba zama da mahaifiyarta ana tsinke zogale ko ana gyaran wake ana hira, in uwar miji mai hankali ce sai ta jawo ta a daidai wannan lokacin, zo 'yata ki taya ni, shikenan an ba ta abinda ta rasa ba tare da an yi dogon bayani ba. In ka gano amfanin da sabon yake maka, za ka ga ana iya samunsa a wata siffar ko da ba ta kai ta da daɗi ba.

Ƙananan kaya ma suna da tasiri fiye da yadda ake zato. In tashi ya kama ku, bayan takardu da magani da abinci, a ɗaukar wa tsoho butarsa da carbinsa da bargon da ya saba, a ɗaukar wa yaro allonsa ko kwanon da yake ci a ciki. Ba nauyi gare su ba amma suna sa baƙon waje ya yi ƙamshin gida.

Sai maganar magani, wannan kam da ita na kusa yin babbar asara. Baba yana shan maganin hawan jini kullum da safe, kuma a gida ba ya mantawa saboda ledar tana rataye a ƙusa ɗaya da rediyonsa, in ya ɗauko wannan ya ɗauko wancan. Da ƙusar ta tafi sai shan maganin ma ya tafi, ya yi sama da sati bai sha ba ni kuma hankalina yana kan neman abinci da langa-langa, sai da ya fara cewa kansa yana sarawa ta ƙeya muka je aka auna aka ga jinin ya hau sosai. Hawan jini da ciwon suga ba sa jira sai hankalinka ya kwanta. Abinda muka koya shi ne duk sabon abu ko abinda kake tsoron mantawa, ɗaure shi a jikin abinda ba ka taɓa mantawa. Muka ɗaure ledar maganin a hannun butar alwalarsa da zare. Tun daga ranar bai sake tsallakewa ba. Haka za ki yi da maganin ƙarin jini in kina da ciki, haka za ka yi da ajiye kuɗin adashi, haka da karatun yaro: bayan sallar kaza, kafin cin tuwon dare, da an dawo daga ɗiban ruwa. Kar ka ce "zan dinga yi kullum", wannan ba lokaci ba ne, faɗi bayan me za ka yi.

Yara kuwa su ba sa iya cewa tsarina ya rushe, sai dai ka ga wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ko mai surutu ya yi shiru, ko rigima ba dalili. Duka ba ya gyara wannan, ƙara shi yake. A makarantar da muka zauna wani malamin allo da shi ma ruwa ya kore shi ya fara tara yara bayan asuba da bayan magariba, alluna kaɗan ne suka tsira ana karɓa-karɓa, amma da aka yi kwana uku ana jin ƙarar karatu a lokacin da aka saba ji, har manya sai da suka samu natsuwa. Kuma a dinga faɗa wa yaro abinda zai faru kafin ya faru, gobe za mu koma gidan Kawu, za ka kwana da su wane, akuyarka ma da ita za mu tafi. Tsofaffi ma haka, musamman wanda ya fara rikicewar tsufa, kar a tashe shi kawai a ce hau mota. Mu mun iya yanke shawara a kan mutum yana zaune ba a tambaye shi ba, da sunan ana tausaya masa, kuma yana ji yana gani.

Wani canjin kuma ba dare ɗaya yake zuwa kamar ruwa ba, a aljihu yake shigowa. Ba mu gama farfaɗowa daga ambaliya ba aka shiga canjin kuɗi a farkon 2023, aka sauya naira 200 da 500 da 1000, takardar kuɗi ta ɓace, mutum da akuyarsa a kasuwar Gujungu ranar Lahadi mai saye yana so amma sai dai tiransifa, shi kuma ko asusun banki ba shi da shi. Sannan ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mu da muke ban ruwa da inji a noman rani mun san yadda ta kaya. Irin wannan canjin shawarata ita ce, in dai kana da zaɓi kar ka sauya komai lokaci ɗaya. Ni na saba duk Lahadi ina Gujungu ko da abin saye ko babu, da kuɗin mota ya gagara ban yanke zuwa gaba ɗaya ba, muka haɗu mu huɗu muna karɓa-karɓa, kowa ya je sati ɗaya ya yi wa sauran saye da sayarwa, ranar da ba ni ne da zuwa ba kuma da yamma ina zuwa bakin titi in tari wanda ya je in ji farashin gero da na dabbobi, don na gane rabin abinda yake kai ni kasuwa labari ne. Ban ruwa kuma muka mayar da shi sassafe da yamma lis lokacin da rana ba ta shanye ruwan, muka rage faɗin da muke nomawa zuwa abinda za mu iya riƙewa, wasu suka juya injinsu zuwa gas wasu suka haɗa kuɗi suka sa sola. Sai da ɗaya ya zauna sannan muka taɓa na gaba. Wanda ya ce daga gobe zai daina shayi, ya daina zuwa majalisa, ya sauya sana'a, ya cire yara daga makaranta duk a sati ɗaya, to ya tumɓuke turakunsa da hannunsa.

Kuma a bar mutum ya ji zafin abinda ya rasa. Haƙuri gaskiya ne kuma ibada ne, amma mun mayar da kalmar kamar murfin tukunya, da mutum ya buɗe baki sai a ce yi haƙuri, ma'ana yi shiru. Goggona da mijinta ya rasu bayan shekara arba'in da wani abu suna tare, a cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma kullum da magariba sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe kafin ta tuna. 'Ya'yanta suka so su ɓoye kwanon wai yana tayar mata da hankali. Inna ta hana, ta ce ku bar ta ta zuba, in ta zuba a miƙa wa almajiri. Haka aka yi, kuma har yau kwanon nan yana fita duk dare, akwai almajirin da ya san nasa ne, ita kuma hannunta bai daina abinda ya saba ba, ladan kuma tana cewa Allah ya kai wa mai kwanon. Ban taɓa ganin dabarar da ta kai wannan kyau ba.

To amma fa karin maganar can ba ƙarya ta yi ba, akwai inda sabo yake zama turken wawa da gaske, kuma dole in faɗa ko da za a ji haushi. Da ruwa ya janye akwai waɗanda suka koma daidai kwarin da ya cinye su suka sake gini da jar ƙasa ba ko harsashin bulo, ba don ba su da fili a tudu ba, wasu kam ba su da shi kuma ba da su nake ba, sai don "nan aka binne cibiyata". Akwai wanda har yau ba zai shuka iri mai saurin nuna irin su geron sosat ba saboda ba shi kakansa ya shuka ba, alhali damina ta sauya hali kowa yana gani, ta makara ko ta zo da yawa lokaci ɗaya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara ana faɗa a rediyo da Hausa, saurare ba ya rage tawakkali. Yadda nake gane bambancin shi ne, sabon da yake ba ka ƙarfin fuskantar yini naka ne riƙe shi, wanda kuma yake hana ka ganin abinda yake tahowa, ko kake jin in an taɓa shi sai ka yi faɗa da kowa a gida, wannan ya fara zama igiya a wuya. Baba da kansa, da ƙyar, ya yarda muka yi alkama a ranin da ya biyo bayan ambaliyar a gonar da bai taɓa sa mata komai ba sai shinkafa, aka shuka cikin sanyin Nuwamba, kuma ita ta riƙe gidan har wata damina.

Shi yasa nake ganin yana da kyau mutum ya dinga gwada kansa tun lafiya lau. Mu da muke azumi ai mun san wannan, duk shekara Ramadan yana zuwa ya juya mana yini, cin abinci ya koma dare barci ya rarrabu, kuma saboda shekarar musulunci ta gaza ta bature da kwana goma ko sha ɗaya, yana zagayawa ya same mu a bazara ya same mu a damina ya same mu a hunturu. Kwana ukun farko ciwon kai da kasala, kafin goman farko ta ƙare jiki ya karɓa kamar da haka aka haife shi. Duk wanda ya taɓa azumi ya riga ya san cewa wuyar farkon canji ba ita ce wuyarsa ta dindindin ba, sai dai mu manta. To ka tuna wa kanka da wannan a ranar da sabon waje ya yi maka ƙunci, ka ba shi kwanaki kafin ka yanke cewa ba za ka iya ba. Kuma a lokacin zaman lafiya koyi abinda wani ne kullum yake yi maka: maigida ya san inda ake ajiye katin asibitin yara, uwargida ta san yadda ake duba kuɗi a waya da wanda ake bi bashi, yaro ya iya kunna injin ban ruwa. Ranar da mai yi ba ya nan gidan ba zai tsaya cak ba.

Matasa masu tafiya ci-rani bayan kaka, Legas ko Abuja ko Fatakwal, ku ma da ku nake. Ƙanena ya je shekarar farko ya dawo a rame ba don rashin samu ba, ya ce abinda ya fi damunsa ba wanda ya san ya tashi ko bai tashi ba. A gida in ba a gan ka a masallaci da asuba ba kafin hantsi an aiko a duba, a can kuwa ko ka kwana uku a kwance ba mai tambaya. Irin wannan ramin ne ƙwaya da sholisho suke samun wajen shiga, ko kuma waya, mutum ya kwana yana TikTok har asuba ta wuce shi. Da zai koma muka yi da shi duk daren duniya bayan isha'i zai kira Inna ko na minti ɗaya ne, in ba kati ya yi filashin mu kira, ya nemi masallaci ɗaya ya lazimce shi har a san fuskarsa, ya kuma samu mai abinci ɗaya da zai dinga ci a wajenta. Ba wani abu ba ne babba amma a karo na biyu da ƙibarsa ya dawo.

In kuwa an yi duk wannan, an kafa lokacin tashi an jawo mutum cikin jama'a, amma ya wuce sati biyu ba ya barci ba ya cin abinci, abinda yake so a da yanzu ba ya burge shi, yana kuka ba dalili ko yana cewa gara ya mutu ya huta, to wannan ya wuce a ce masa ya yi haƙuri. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini kuma yana da magani. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti, a fara da na sha-ka-tafi da yake kusa ko babban asibitin ƙaramar hukuma su za su tura gaba in da buƙata, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure akwai a Dawanau ta Kano, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Wanda ya ambaci kashe kansa kar a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, a tafi da shi a ranar. Tsoho kuma da ya rikice farat ɗaya, jiya lafiya yau bai gane mutane ba, kar a ce tsufa ne ko iska, sau da yawa zazzaɓi ne ko suga ko jini, a gaggauta auna shi.

Mun yi kusan wata biyu kafin mu koma. Ba a tsohon wajen muka gina ba, mun matsa sama wajen filin Kawu, ɗaki biyu muka fara da harsashin bulo sauran da ƙasa. Ranar da magini zai tashi aiki ya rage bulo tara da rabin buhun siminti, na ce a ajiye ko za a buƙata, Baba ya ce a'a, ya nuna gefen ƙofa ta gabas inda hanyar rafi ta bi ya ce a yi masa dakali a nan. Bai kai tsohon tsawo ba, mutum uku ne suke zama a kai sauran sai a tabarma. Kofin silbar ba a gan shi ba har yau, na roba ne shuɗi Inna take aiko masa da koko a ciki, ya yi wata guda yana cewa kokon ba ya daɗi a roba sannan ya daina faɗa. Ledar maganin tana nan ɗaure a hannun buta. Yau da safe da na wuce zan tafi gona na same shi da mutum biyu suna gardamar ko ruwan bana zai kai na bara, ya ɗago ya ce min in na dawo in biya in duba masa akuyar nan mai ciki, tun jiya ba ta cin dusa.